Turbon Ummul Khairi

A tashar Takieta wani matashi ya buɗe gaban motarsa yana tsaki. Wani dattijo mai jiran motar Damagaram ya matso.

"Samari, me ya same ta?"

"Baba, turbo aka sa mata don ƙara wa inji ƙarfi. A hankali tana tafiya lafiya, da na ba ta wuta sai ta shaƙe. Wata makanikiya ce a Damagaram ta ɓata mini ita, Ummul Khairi. Yau sai kowa ya ji."

"Murɗa makulli, kar ka tayar." Dattijon ya kara kunne a tanki. "Famfon mai ne ya gaza. Turbo na zuƙar iska da yawa, isansi kuma, wato fetur, ba ya isowa da ƙarfi. Makanikiyar ba ta ce ka sa babban famfo ba?"

Matashin ya sosa ƙeya. "Ta ce, har sau biyu."

"Sau uku dai. Ba ta sallamar mota sai ta faɗa sau uku."

"Kun san ta ne, Baba?"

"'Yata ce. Ni na koya mata aikin. Yanzu in inji ya gagare ni, ita nake kira."