Kuɓewa a Kan Layin Dogo

A garin Hajj Abdalla, layin dogon da ya ratsa kasuwa zuwa injin gurzar auduga ya daɗe da mutuwa, har Iya Nasiba ta mai da shi wurin shanyar kuɓewa. Ran nan wani baƙo riƙe da jar tuta ya tsaya a kanta.

"Hajja, kwashe tabarmin nan, jirgin kaya na tafe."

"Wane jirgi? Wanda muka yi wa sadakar arba'in tun ina da haƙora?"

"Ya farfaɗo. Ga shi can bayan masallaci, yana janye da taragun auduga."

"Kuɓewata ba ta bushe ba, kuma miyar shekara ce. Ya kewaya."

"Jirgi ba ya kewayawa, Hajja."

"Ɗan gwamnati ne, ai ya gaji kewaye-kewaye."

Sai jirgin ya yi kuka. Iya ta saki faifai, ta rangaɗa guɗa.

"Muryarsa ce wallahi! Da wannan kukan nake ɗora tukunya, lokacin da maigidana ke tashi daga aiki. Kama gefen can, ɗana, kada ka zubar mini!"

Suka janye tabarmin. Jirgin ya wuce a hankali, ya ajiye tarago, ya dawo da baya.

"Ya fasa ne?"

"Canza layi yake yi. Haka zai yi ta kai da komo har la'asar."

"Kai dai ba ka san shi ba. Gane ni ya yi, ya dawo gaisuwa."

Ta gyara mayafi, ta fuskanci jirgin.

"Lafiya lau, ɗan nema. Ina ka shige?"