Wanda Ya Jefa Tawul

Ku gafarce ni da karambanin rubutu, abin da na ji ne a tashar jirgin ƙasa a Osaka.

Wani tsoho ya maka jarida kan benci. "Shekara shida Kuramoto na riƙe da kambun dambe, matsoracin kocinsa ya jefa tawul don a tsayar da wasan, ya zubar masa da shi."

Mutumin da ke gefensa ya harzuƙa. "Baba, ka taɓa shan naushi? Tun bara idonsa na hagu ba ya gani."

"Ƙarya kake! Da hukumar dambe ta sani, da ta hana shi dambe har abada."

"Ai shi ya sa na ɓoye mata, na jefa..."

Tsohon ya ƙura masa ido. Ni kuwa na sulale kafin su lura da ni.