Cha'ibu Mai Kallon Shaho

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai gari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Ardo Hamidu da jama'arka ta ruga, sannunku da tahiya. Furera, uwar gidan mamaci, da ɗiyarku Habsatu, da dukkan mutanen Hawandawaki, ina gaishe ku.

Ni Salifu, an ce in yi magana a wagga sadaka ta arba'in don gonata na maƙwabtaka da ta Cha'ibu shekara talatin. Na karɓa, amma ba don ina da abin da zai sanyaya muku zuciya ba. Ni ma ban samu ba.

Ya kasance mutum ne da in ya gama noma ba ya biyo mu dandali. Sai ya nuhi gawon nan na bakin daji, ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye. Mun yi mishi dariya, kowa nan ya sani. Ni ne kan gaba. Wata rana ya ce, "Taho ka gani, kana ka ci gaba da dariyar." Munka kwanta cikin ciyawa tun hantsi har cinnaka sunka gama da ƙafafuna. Na ce zan tashi. Ya danne mini hannu, ya ce, "Kar ka motsa. Shaho ya naɗe hiffike." Ban ga komi ba. Sai na ji wani sauti kamar an yaga sabon ƙyalle, sannan gashin kurciya ya riƙa saukowa a hankali bisa kanmu. Na dube shi, dattijo da gemu, yana ta murna kamar an yi mishi haihuwa.

Ya kasance in ya dawo gida yakan sa wuƙa a wuta, ya zana abin da ya gani a bayan ƙwarya: shaho yana faɗowa, gaggafa ta danne zomo. Liman ya taɓa yi mishi magana a kai. Cha'ibu ya ce, "Gafarta malam, mantuwa nake tsoro."

Ya kasance idonmu. Kun tuna kakar da hatsi ke tare a gona, ya shigo gari a guje ba takalmi, yana kiran, "A kaɗo shanu! A kira mata daga rijiya!" Mai gari ya ce me ka gani? Ya ce, "Shirwa, sun hi ɗari, suna tahowa a jere daga gabas. Babu hayaƙi, ke nan ba gobara suke bi ba. Dawaki ne ke tada musu fara." Kahin azahar mahara sunka iso, sunka tarar da ƙofar gari a rufe. Ardo, shanunka na cikin waɗanda sunka tsira. Yaran da ke zaune can baya, iyayensu mata na bakin rijiya a ranar.

Sai bara agana, cutar nan mai ƙuraje, ta shigo. Ta bar mishi rai, ta ɗauke idon. Mun kawo rubutu, mun kawo saiwa, an tahi har Tasawa neman mai magani. Mutumin da ya tsare gari guda da ido biyu, gari guda ya kasa maido mishi ko ɗaya.

Furera, kin tambaye ni abin da ya faru ranar da na ja shi zuwa gindin gawo, da ya dawo bai ci tuwo ba. Na ce miki ba komi. Yau zan faɗa.

Munka zauna, ya ce, "Akwai shahon?" Na ce akwai. Ya ce, "Me yake yi?" Na ce yana shawagi. Ya ce, "Wane iri? Yana hawa ne, ko ya tsaya wa iska? Jelar a buɗe take?" Jama'a, shekara talatin ina kusa da mutumin nan, ban iya amsa ko guda ba. Tsuntsu kawai nake gani. Da ya faɗo bayan sabara, na ce bari in faranta mishi, na ce, "Ya kama!" Ya karkata kunne. Can ya ce, "Bai kama ba, Salifu. Da ya kama da na ji." Ya lalubo sandarsa, ya ce, "Mai da ni gida." Bai ƙara cewa a kai shi ba. Kwana goma sha ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Habsatu, ɗiyata, ki yi haƙuri. Furera, ki yahe mini. Gero ya fara nuna, lokacin mahara ya matso, kuma jiya na ga shirwa sun taru ta arewa. Na tsaya na daɗe ina kallo. Ban san me suke cewa ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Na gode muku da kunka bar aikinku kunka zo. Allah shi jiƙan Cha'ibu, shi yalwata mishi kabari, shi haskaka mishi shi. Mu kuma da anka bari, ya Rabbi, ba mu da mai gani sai Kai. Liman, a yi mana fatiha.