Kwalbar da Na Hana

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai yar da ni ba. Ni ce Mama Laraba ta zumuntar mata a Sabon Tasha. Ban taɓa shiga aji ba. Matar ɗana ce ke rubuta wannan, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya.

Waɗanda suka san ni sun san ba na wasa. Giya ce ta kashe mijina. Cikinsa ya kumbura kamar randa, ni na yi jinyarsa har ya cika. Tun daga nan na ɗaura yaƙi da ita. In na shiga ɗakin mace, kafin mu gama gaisawa idona ya riga ya leƙa ƙarƙashin gado.

Lokacin da masaƙun Kakuri suka yi ta sallamar ma'aikata, iyalai da yawa suka gangaro bayan unguwarmu, bakin rafi, suka kakkafa ɗakunan langa-langa. Ba famfo, ba masai na kirki. Rijiya ɗaya ce, ita ma kusa da bola. Da damina ta sauka sai gudawa ta shiga yara. Muna zaune za mu ga an wuce da ƙaramar gawa a tabarma.

Zumuntarmu ta ce ba za mu zuba ido ba. Muka yashe rijiyar, muka kwashe bolar. Sannan muka roƙi wata nas 'yar ikkilisiyarmu, Sista Rifkatu, ta koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari, mu kuma mu bi ɗaki-ɗaki mu koya wa iyaye mata.

Ta tsaya a gabanmu ta ce, "Gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari ƙwaya biyar, sai ruwan da aka tafasa ya huce, cikin kwalbar giya ɗaya."

Na miƙe. Na ce, "Kwalbar me?"

Ta ce, "Mama, kwalbar ce kawai, a wanke ta. Ita ce ma'aunin da ko'ina za a samu."

Na ce, "A cikin majami'a kike faɗar wannan?" Na ɗauki mayafina na fita. Ta ci gaba da bayani, ni ban ji sauran ba.

Duk da haka ni aka ba layin bakin rafi, don babu mai rufe mini ƙofa. Aka haɗa ni da Asabe, wadda sa'ar 'yata ce. Na samo ƙaramar kwalbar lemo, na ce da ita za mu koyar, ba zan sa kwalbar shaiɗan a hannun matar Kirista ba.

Asabe ta ce, "Mama, kamar fa Sista ta ce in ta lemo ce, biyu ake cikawa."

Na ce, "Kwalba kwalba ce. Ke kika raini yara bakwai ko ni?"

Ta ɗauki kwalbar ta biyo ni. Haka na saba, in na yi magana a yi shiru. Muka bi layin nan kaf ina zuba gishirin babbar kwalba a cikin ruwan ƙarama.

A ƙarshen layin akwai Rahila, wadda aka sallami mijinta daga masaƙa. Ɗanta ɗaya, Bulus, bai daɗe da fara tafiya ba. Gudawa ta kama shi, ta aiko aka kira ni. Na tarar idanunsa sun faɗa. Ni na haɗa ruwan da hannuna.

Washegari na koma. Rahila ta ce, "Mama, ba ya sha, turewa yake yi. Na ɗanɗana, gishirin kamar ya yi yawa."

Na ce, "Magani ai ba zuma ba ne. Kwantar da shi a cinya ki ɗura masa."

Ta ɗura masa, ina tsaye a kanta. Safiya ta uku ya fara fizge-fizge. Ta goya shi za ta kai shi asibiti, a bayanta ya cika, ba su ko kai bakin titi ba.

Sista Rifkatu ta zo gaisuwa. Ta ga sauran ruwan a kwano, ta taɓa a harshe, ta dube ni. Sai da muka fita bayan ɗaki ta ce, "Mama, su waye kika koya wa haka?"

Na ce, "Duk layin."

Ta juya za ta tafi, na riƙe hannunta. Na ce, "Ni na kashe shi?"

Ta ce, "Gudawar ta riga ta ci ƙarfinsa. Ba zan ce ruwan ne ba. Amma ba zan ce miki ba shi ba ne." A ranar ta bi layin da kanta ta gyara abin da na ɓata, ba ta ambaci sunana ba.

Ni kuwa na rufe bakina. Rahila ta ci gaba da durƙusawa tana gaishe ni, ina amsawa. Ana cin jibin Ubangiji a majami'a sai in ce kaina ke ciwo, in ƙi karɓa. In na durƙusa addu'a, harshena ya yi nauyi. Abinci ya ƙi shiga; ko kunu na kurɓa gishiri nake ji. Na rame har zane ya daina zama a ƙuguna. Asibiti suka auna suka ce ba su ga komai ba. Damina ta wuce ina kwance.

Wata Alhamis matan zumunta suka zo yi mini addu'a. Rahila na cikinsu. Ta kama ƙafafuna ta ce, "Ya Uba, ka tashi uwarmu, wadda ta tsaya mini ranar wahalata."

'Yan'uwa, da wuƙa ta soka mini da ya fi sauƙi. A cikin zuciyata na ce, Yesu, in za ka ɗauke ni ka ɗauke ni, amma ka buɗe mini baki tukuna. Sai ya buɗe! A gaban matan nan duka na faɗi komai: fitata daga majami'a, maganar Asabe, kwalbar, ɗurar.

Rahila ta saki ƙafafuna. Ta ce, "Na gaya miki ya yi yawa."

Na ce, "Kin gaya mini, 'yata."

Ta ce, "Kada ki ƙara kirana haka." Ta tashi ta fita.

Da yammacin ranar na ci tuwo, ya zauna. Cikin mako biyu na miƙe. Na tafi gidan da ake sayar da giya a bayan kasuwa, inda ban taɓa taka ƙafa ba. Mai gidan ta ce, "Mama Laraba, yau ke ce a wurinmu? Mai sanyi ko mai zafi?" Mazan da ke zaune suka fashe da dariya. Na ce, "Kwalaben da aka shanye nake so, duk ki tattaro mini." Na ɗauko su a kai cikin daro, na ratsa kasuwa ana nuna ni. Na wanke su na raba wa kowane ɗaki a bakin rafi, ina gaya wa kowace mace cewa ni na koya musu ba daidai ba.

Rahila da mijinta sun koma Gonin Gora. Na je sau biyu, ba ta fito ba. Na ji ta sake haihuwa, yarinyar ma ta yi gudawa, ta aika aka kira Sista, ba ni ba. Yarinyar tana nan da rai. Na gode wa Allah da ba ni ta kira ba.

Ubangiji ya warkar da jikina, ya gafarta mini abin da ni ba zan iya gyarawa ba. Gafarar Rahila kuwa ban samu ba tukuna, ba kuma zan matsa mata ba. Ku taya ni yi masa godiya. Wanda ke riƙe da wani abu a ciki yana cinsa, ya dogara ga Yesu ya faɗa. Ba lallai mutane su karɓe ka ba, amma shi zai karɓe ka. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.