Mun Ce Masa "Ya Yi Kyau"

Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, dattawa, Hajiya matar marigayi, 'ya'ya da jikoki, jama'a, assalamu alaikum.

An zaɓe ni ne don an san bakina ba ya mutuwa. Yau kam ya yi nauyi.

Mai Ɗigo muke ce masa. Ya kasance mai buga fararen ɗigo a bayan farantin roba na allon talla, irin wanda ake jera wa fitilu a gefe. Na taɓa tsokanarsa, "Malam, kai da zabuwa wa ya koya wa wani?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kusa da fitila ƙananan ɗigo, a warwatse. Can tsakiya manya, a cushe. In ba haka ba, gefe ya kashe ido, tsakiya ta yi duhu."

Ya kasance ba ya sakin allo sai haske ya bazu daidai. Ya kasance shi ya yi na ɗakin haihuwar unguwarmu, kyauta.

Shekara biyu da suka wuce ya fara tare mu a ƙofar shago: "Zo ka duba min, akwai inda ya yi duhu?" Mu kuwa 'yan kasuwa ne, yabo ba ya ƙare mana. Ko waiwaye ba ma yi. "Ya yi kyau, Malam!" Alluna suka riƙa fita dabbare-dabbare, masu ba shi aiki suka watse. Aka ce ya fara ha'inci, yana tsimin fenti. Ni na fara faɗa, a bakin shagona.

Sai ranar rasuwa babbar 'yarsa ta gaya min cewa tun wancan lokacin idonsa ya dushe. Ashe aron ido yake nema, kunya ta hana shi fitowa fili.

Hajiya, mijinki bai taɓa ha'inci ba. Na faɗa a gaban waɗanda suka ji waccan maganar daga bakina, su zubar da ita su riƙe wannan. Ki yafe mana. In ba za ki iya yau ba, za mu jira.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Ya dube mu da rahamar da muka kasa duban bawansa da ita. Amin.