Malam Sikeli da Ɗalibarsa Mai Taurin Kai

Assalamu alaikum. Shugaban makaranta, manyan malamanmu, likitoci da abokan aiki. Mama, uwargidan marigayi. 'Ya'yansa da jikokinsa. Jama'a baki ɗaya, sannunmu da haƙuri.

Tsofaffin ɗalibai suka ce in yi magana da yawunsu. Na san dalili: duk cikinmu ni na fi ba shi wahala.

Shekara talatin da ɗaya Malam yana koyar da lissafi a makarantar koyon jinya. Mu muka laƙaba masa Malam Sikeli, don kullum sai ya nuna alamar "daidai" a allo ya ce, "Wannan sikeli ne. Abin da kuka yi wa dama, ku yi wa hagu, in ba haka ba kun tauye mudu."

Ya kasance mutum ne da ba ya shiri da hadda. Sau biyu na faɗi jarrabawarsa. A karo na biyu na same shi a ofis yana kakkaɓe alli, na ce, "Malam, ni allura na zo koya, ina ruwana da x?" Ya ce, "X ɗin nan shi za ki zuƙa a sirinji. Zauna." Wata uku yana sa ni juya ƙa'ida ɗaya: yau in fito da nauyin maras lafiya, gobe in fito da yawan magani.

Shekara shida bayan haka, ina ɗakin yara, likita ya rubuta wa wata jaririya mililita biyar. Hankalina bai kwanta ba. Na juya ƙa'idar a bayan kati, rabin mililita ya fito. Na sake, rabin dai. Na je wurin likitan na nuna masa. Ya duba ya ce, "Subhanallahi! Ɗigo na manta, 0.5 nake nufi, ba 5 ba." Jaririyar ta koma gida lafiya. Da na ba Malam labari ina jiran yabo, sai ya ce, "Ina katin? In ga yadda kika bi."

Ya kasance ko bayan ritaya bai ajiye alli ba. Kowace Asabar masu gyaran wuta da masu walda suna cika benci biyu a barandarsa, yana koya musu lissafi kyauta. Ga su can a baya, ku tambaye su.

Mama, kin sha ɗumama abinci saboda mu, ba ki taɓa ɗaure mana fuska ba. 'Yan'uwa, 'ya'yan Malam, mun yi tarayya da ku a uba ba tare da an nemi izininku ba. Mun gode. Roƙo ɗaya muke da shi: Mama, ki bar mana barandar. Mu huɗu za mu karɓi ajin daga Asabar mai zuwa.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Mu da ya bari, Allah ya ba mu ko rabin haƙurinsa. Amin.