Kwana Tara da Na Hana Jikata Taliya

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Talata ce, mako biyu bayan Ista, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Muna zaune a tsakar gida nan Daura, ni da surukata Hannatu da 'yarta Alheri, sai ɗana, mijin Hannatu, ya turo mini wani bidiyo daga Mai'adua, inda yake aiki. Wani babban ɗan siyasa ne na ƙasar waje, yana cewa gubar da ke cikin abincin kanti ce take jawo wa yara galahanga. Sau uku na saurare shi. Shekara talatin da biyu na yi ina gyara Turancin ɗalibai da jan biro, amma ban kama mutumin nan da kuskure ko ɗaya ba. Da kunya nake faɗa: dalilina na gaskata shi ke nan.

Alheri shekararta huɗu. Ba ta magana, ba ta haɗa ido da mutum, ko an kira sunanta ba ta waiwayowa. Tun bara likita ya ce galahanga ce. Abu biyu kaɗai take ci, taliyar leda da farin burodi.

Na dubi Hannatu na ce ita ta lalata mini jika da son jiki da ƙyuyar tuƙa tuwo. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Mama, in ba su ba, ba ta cin komai.” Na ce a makarantar mishan da na yi, wanda ya ƙi tuwo ajiye masa ake yi, yunwa ce take dawo da shi, kuma ban taɓa ganin dokar nan ta faɗi ba. Na kulle ɗakin ajiya inda taliya da burodin suke, na ɗaure makullin a bakin zanina. Na rubuta tsarin abinci na manna a bango: koko da safe, fate da rana, tuwon gero da miyar kuka da yamma.

Kwana biyu Alheri tana kuka tana buga kanta a bango. A na uku ta yi shiru, ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin biyayya. Ruwa take sha, sai koko cokali biyu ko uku in an yi sa'a.

A rana ta tara da hantsi Hannatu ta durƙusa a gabana, ta ɗaga mini hannun yarinyar. Ya zama kamar sillen kara. Ta ce, “Mama, ki ba ni makullin, ko ki ba ni izini in tafi da ita gidanmu.” Na ce ta jira. Na shiga ɗaki na durƙusa, niyyata in roƙi Allah ya karya taurin kan yarinya.

Addu'ar ta ƙi fitowa. Maimakon haka sai fuskar Ayuba ta tsaya mini.

Ayuba ƙanena ne, ya rasu tun ina budurwa, a ƙauyenmu bayan Zango. Bai taɓa magana ba. Yakan zauna yana rangaji, fura kaɗai yake sha, ita ma in an canza masa ƙwarya ba zai taɓa ba. A ƙauyen nan babu kanti, babu leda, babu gwangwani. Gero muke ci daga gonar mahaifinmu. Mutane suka ce mahaifiyarmu ce ta bi ta gindin tsamiya da tsakar rana tana da ciki, kuma da wannan zargi ta shiga kabari. Na fi shekara hamsin ban ambaci sunansa ba.

Tsoron Allah ya kama ni. Ashe inda mutanen ƙauyenmu suka tsaya nan na tsaya, sai dai camfina da Turanci ya zo. Ya Ubangiji, wa ya isa ya tono abin da na binne, in ba kai ba!

Na fito, na kwance makullin, na durƙusa wa surukata. Ta ce, “Mama, ki tashi don Allah, bari in ɗora ruwa.” Alheri ta ci silin taliya huɗu, ta kasa ƙarawa.

A ranar muka kai ta asibiti a Katsina, aka ƙara mata ruwa. Likita ya yi mini bayani a natse. Ya ce masana sun daɗe suna bincike, ba su sami wani abinci da aka tabbatar yana jawo galahanga ba, yawanci tana bin jini, kuma tun daga ciki take farawa. Ya ce sabon abinci kaɗan-kaɗan ake kawo wa irin yaran nan, a gefen wanda suka yarda da shi. Ya tambaya ko an taɓa samun mai irinta a dangi. Na ce an samu, sunansa Ayuba.

Na gode wa Allah da ya toshe addu'ar da na shiga yi, ya ba ni wadda nake bukata. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi. Abin da kuka ji a waya, ku kai wa likita kafin ku kai shi tukunya, kuma kada ku ɗora wa uwa laifin da ba nata ba.

Kwana uku Alheri ta yi a asibiti. Yanzu tana cin abu biyar. Har yau ba ta yi magana ba. Hannatu tana gida tare da mu.